Kwana Goma Sha Biyu Ban Kashe Kwamfutata Ba

Zuwa ga Mai Fili,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, na kwana biyu ban samu wanda zan yi doguwar hira da shi ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan ban kashe kwamfutata ba. Akwai aiki a buɗe a cikinta wanda ta ƙi yarda in adana, kullum sai ta ce mini memori bai isa ba, kuma na san ranar da ta mutu aikin ya tafi. Na ga a filinki na jarida kin taɓa amsa wa wani da wayarsa ta cinye masa hotuna, shi ya sa na ce bari ni ma in kawo kukana.

Ni tsohon mai hoto ne, shekarata sittin da huɗu. Shekara talatin da ɗaya ina da shago a bakin titi, tela a damana, mai sayar da taya a haguna. Da waya ta shigo kowa ya zama mai hoto, sai na rufe ƙofar gaba na koma ɗakin baya, inda a da nake wankin hotuna. Matata ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yana biyu maza suna nesa, suna kira, amma hirar ba ta wuce ya jiki, ya gida, sai an jima. Tela ya tashi. Kujeru biyu ne a ɗakin, ɗaya nake zama, ɗayar kuma tsofaffin ambulan ne a kanta, don babu mai zuwa balle in kwashe.

A duniya yanzu wadda muka fito ciki ɗaya da ita mutum ɗaya ce, yayata. Ta girme ni da shekara huɗu, tana zaune wurin 'yarta, ma'aikaciyar jinya ce, mu dai Nas muke ce mata. Tafiyar awa huɗu ce a mota tsakaninmu. Tun muna yara Yaya take kirana Sarkin Gobe, wai komai aka sa ni sai in ce gobe. A da haushi sunan yake ba ni. Yanzu na yarda ta san ni fiye da yadda na san kaina.

Muna da hoto guda ɗaya tak da muke ciki gaba ɗayanmu, mai baƙi da fari, inci huɗu da shida. Baba a zaune, Inna a gefensa, Yaya a tsaye, yayyena maza biyu, ni ina ɗan shekara goma na ƙame kamar an kafa ni, sai Auta, ƙanwarmu, 'yar shekara biyar, ta dafa gwiwar Baba. Da shekara ta zagayo ƙyanda ta ɗauke Auta. Ba ta da wani hoto a duniya sai wannan. Cikin mutum bakwai ɗin nan, ni da Yaya kaɗai muka rage.

Da Inna ta rasu, shekara goma sha tara ke nan, Yaya ta tsinci hoton a ƙasan akwatinta, ta damƙa mini, wai ni ne mai sana'ar, babu wanda zai fi ni iya adana shi. Na sa shi a ambulan na ɗora saman kabad, da niyyar in yi masa kwafi a satin. Mai Fili, na yi wa hotunan mutane kwafi sun fi dubu, wasu ma ban san sunan masu su ba, amma namu kullum sai gobe. Shekara shida da suka wuce rufin ɗakin ya yi yoyo daidai saman kabad ɗin, ban lura ba sai bayan kwanaki. Na tarar ambulan ya bushe ya manne da hoton. Ni da na koya wa mutane cewa hoton da ya manne a ruwa ake jiƙa shi a bar shi ya saki da kansa, ranar nan hankalina ya tashi, na sa hannu na ja. Fuskar Auta ta biyo takardar, daga goshi har haɓa. Gashinta yana nan, kunnenta ɗaya yana nan, rigarta da hannun da ta dafa Baba suna nan, amma tsakiya fari fat.

Ban faɗa wa Yaya ba. Marigayiya matata ta yi ta fama da ni in faɗa, ina cewa bari in gyara tukuna. Har ta koma ga Mahaliccinta ban gyara ba, ban kuma faɗa ba.

Wata biyar da suka wuce Nas ta kira ni, ta ce ciwon suga ya taɓa idon mahaifiyarta. Na hagu ya tafi, na dama yana dushewa, likita kuma ya ƙi yi musu alkawarin komai. Abu babba mai baƙi sosai da fari sosai tana iya gani in an kai ta bakin taga. Ta ce Yaya abu ɗaya take roƙo, Kawu ya wanke mata hoton nan babba, ta ga su Inna da Auta kafin fitilar ta ƙarasa mutuwa. Na ce sati biyu. Wallahi da na ajiye wayar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi wata huɗu da 'yan kai ina ɗauko hoton ina mayarwa. Sai kwana goma sha biyar da suka wuce na yi ta maza na ɗora shi a kan sikana, na'urar da take kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta. Da yake babba nake so, kusan tsawon mita, sai na zaɓi lamba mafi girma da na'urar take da ita, ɗigo dubu biyu da ɗari huɗu a kowane inci, kuma da kala, don kada in rasa komai. Kwamfutar ta hannu ce, babban ɗana ya bar mini, ram ɗinta, wato memorin da take aiki da shi, giga takwas. Ma'ajiyarta kuwa ta kusa cika da hotunan mutanen da ba su dawo sun karɓa ba, amare da jarirai da tsofaffin da na san wasunsu sun rasu. Na kasa gogewa, ina ganin wata rana wani zai ƙwanƙwasa ya ce ya zo neman hoton mahaifinsa.

A nan sai na ba ki labarin maigidana da ya koya mini sana'a, wanda muke yi wa laƙabi da Kar-Ka-Motsa. Dokarsa ɗaya ce: ba a taɓa asali. In za ka gyara hoto, wanke sabo ka gyara a kansa, in ka ɓata ka wanke wani. Ya taɓa korata gida kwana uku don na sa fensir a kan fim. To, ni da na riga na taɓa asali sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya, sai na riƙe dokar nan da hannu biyu. A manhajar gyaran hoto akwai abin da ake kira leya, wato shafi a kan shafi. Duk lokacin da zan taɓa wani wuri, sai in kwafi hoton gaba ɗayansa in yi sabuwar leya, in yi aiki a kanta. Zan cire tabon ruwa a rigar Baba, sabuwar leya. Zan gyara karce a bango, sabuwar leya. Ban taɓa goge ko ɗaya ba, sai dai in rufe mata ido, wato in ɓoye ta. Yanzu sun kai talatin da huɗu.

A rana ta uku, ina da leya uku, na adana lafiya. Washegari na zo adanawa ta ce fayil ɗin ya wuce giga biyu, ba zai yiwu ba. Na ce ba komai, in na gama na san yadda zan yi, kin dai ji Sarkin Gobe. Daga nan ta fara tafiyar hawainiya. Sai ta fara cewa ba za ta iya cika umarnina ba don ram bai isa ba. Shekaranjiya kuma ta ƙaro da wani, wai wurin da take aron fili a ma'ajiya shi ma ya cika. Yanzu in na ja burushi sau ɗaya, sai in tashi in dafa shayi in dawo kafin layin ya fito. Fankarta tana ta huci, na ɗora ta a kan gwangwanayen fim huɗu don ta sha iska. In aka ɗauke wuta, haka nake ɗaukarta a buɗe kamar mai ɗauke da farantin ƙwai, in kai ta shagon mai taya da yake da janareta. Shi dariya yake yi, yana cewa ga Baba da jaririyarsa. Ni ma ina tayawa, amma cikina ba dariya.

Na kira wani mai gyaran kwamfuta ya zo ya duba. Da ya ga leyoyin sai ya riƙe baki, ya ce bene nake ginawa ko gyaran hoto. Ya ce giga takwas ya yi kaɗan, sai an kashe ta an buɗe an ƙara ram, in ma da hali a wanke ta gaba ɗaya a sake zuba komai. Na ce masa Allah Ya kiyaye, na raka shi bakin ƙofa.

Ga abin da ban faɗa wa mai gyaran ba. Cikin leya talatin da huɗun nan, ashirin da ɗaya fuskar Auta ce. Sauran hoton na gama shi tun rana ta shida, ya fito tsaf, har zaren hular Baba ana gani. Fuskar ce ta gagare ni. Na aro idon ɗaya daga yayyena maza na ƙanƙanta shi, na aro hancin Yaya, na aro bakin Inna, duk wadda na haɗa sai ta fito 'yar wasu, kyakkyawa, amma ban san ta ba. Auta tana da ɗan tabo a gira, ni na jawo mata shi, na ɗora ta a keken Baba ina turawa ta faɗo. Na tuna jinin, na tuna Yaya ta yage ɗankwalinta ta danne wurin tana zagina. Amma na rantse miki na kasa tuna ko girar hagu ce ko ta dama. Sha ɗaya na sa a hagu, goma a dama. Shekara hamsin da huɗu, na ɗauki fuskokin mutane ba adadi, ta ƙanwata ta ɓace mini. Wani lokaci sai in zauna ina kallon farin wurin nan har la'asar ta wuce, babu wanda zan juya in tambaya.

Kiran Yaya na daina ɗauka, sai in bari ya katse in tura wa Nas saƙo cewa aiki ya kusa. A satin nan Nas ta rubuto cewa mahaifiyarta ba ta ƙara gane mutum daga ƙofar ɗaki, sai ya matso, kuma kowace safiya sai ta tambaya ko saƙon Sarkin Gobe ya iso.

To Mai Fili, yaya zan yi in ceci aikin nan ba tare da na kashe ta ba? Ram ɗin ne ya lalace ko ni ne na lalata? Sannan in na samu ya adanu, wace fuska zan kai mata? Ina tsoron ta duba ta ce wannan ba Auta ba ce. Na fi tsoron ta duba ta kasa ganewa, ta rungume hoton tana kuka a kan yarinyar da na ƙirƙira, ni ina tsaye na san na cuci makauniya. Kaina ya kulle, kuma kaɗaici ya yi mini yawa.

Naki,
Sarkin Gobe

*

Baba Mai Hoto,

Ba zan kira ka da sunan da ka sa hannu da shi ba, na Yaya ne, ita ke da ikonsa. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai, kuma ka ga ban jira ranar fitowar jarida ba na tura maka amsar nan ta lambar da ka rubuto, don da kwamfutar da idon babu wanda zai jira mu. Na shekara tara ina tsara shafuka kafin a ba ni filin nan, saƙonnin da kake gani na sha ganinsu, har na taɓa yi wa allo kuka. Kwantar da hankalinka, da gyara.

Ram ɗinka lafiyarsa lau bisa ga abin da ka bayyana. Wanda ya lalace yakan sa kwamfuta ta mutu ko ta daskare ko a wane aiki ake, ba ya tsayawa ya yi maka bayani cikin ladabi. Naka cika ya yi. Ka ɗauke shi kamar teburin ɗakin wankinka, ma'ajiya kuma kabad. Hoton da ka ɗauka da wannan lamba, da kala, kowane kwafinsa ya kai mega ɗari huɗu. Talatin da huɗu sun haura giga goma sha uku, ga kuma tarihin duk jan burushin da ka yi, wanda manhajar take riƙewa don ko za ka ce a koma baya. Tebur ya cika, ta koma aron fili a kabad, ta tarar amare da jarirai sun cika shi. Ƙin adanawar kuwa matsala ce daban: irin fayil ɗin da kake amfani da shi ba ya ɗaukar abin da ya wuce giga biyu, ko da ram ɗinka ya kai ɗari.

Ga yadda za ka bi, kuma kada ka tsallake. Da farko ɗauki wayarka ka ɗauki hoton allon, don zuciyarka ta samu abin riƙewa. Cire kwamfutar daga intanet, kada ta ce za ta sabunta kanta ta mutu ta taso ba da izininka ba. Rufe duk wani abu da yake buɗe in ban da manhajar. Sai ka kira mai gyaran nan ya zo da ma'ajiyar waje, irin wadda ake jonawa da waya, ku kwashe hotunan mutanenka zuwa can, aƙalla giga talatin. Ku buɗe kaɗan daga cikinsu a can ku tabbatar sun isa lafiya, sannan ku goge na cikin kwamfutar, ku zubar da kwandon shara. Babu wanda ya ce ka yar da amanar mutane, ɗaki kawai za ka sauya musu. Wannan duk ana yinsa aikinka yana buɗe.

Da ta samu wurin numfashi, nemi inda ake share tarihin aiki a manhajar ka share. Ka sani daga nan babu komawa baya, don haka ka natsu. Sai ka zaɓi leya biyu: ta can ƙasa wadda ba ka taɓa ba, da wadda ka gama gyaran kowa a kanta kafin ka shiga fuskar Auta. In akwai fuska ɗaya da ranka ya kasa rabuwa da ita, bar ta ta zama ta uku. Sauran ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ka sake share tarihin. Leya uku ba za su kai giga biyu ba. Adana da sabon suna, kada ka danne na rana ta uku, ka kuma fitar da kwafi guda shimfiɗaɗɗe marar leya ka ajiye a ma'ajiyar waje. Sannan ka kashe baiwar Allah nan ta huta.

In kuma ta mutu ana cikin haka, duba abin da ka rasa da idon basira. Takardar hoton tana nan, abin da sikana ta ɗauka yana nan, aikin rana ta uku yana nan. Gyaran kwana uku ne zai tafi, wanda hannunka ya riga ya san hanyarsa, sai fuskoki ashirin da ɗaya da kai da bakinka ka ce ba ka san su ba. Abin da kake ɗauka zuwa shagon mai taya bai kai nauyin da kake ji ba.

Bayan ta taso, yi kwafin fayil ɗin ka rage masa kaya. Hoton baƙi da fari ne, mayar da shi haka, nauyinsa zai koma kashi ɗaya cikin uku. Rage ɗigon zuwa dubu ɗaya da ɗari biyu, zai sake komawa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ya ishe ka wanke inci ashirin da huɗu da talatin da shida, tas. Abin da yake mega ɗari huɗu zai dawo wajen talatin da biyar. Ɗigon da ka zubar ƙurar takarda suke ɗauke da ita, ba kamannin kowa ba. Idon Yaya ma ba yawan ɗigo yake nema ba: ƙara wa baƙin baƙi, farin fari, ka wanke a takarda marar ƙyalli don hasken taga kada ya dame ta. Ka kuma yanko fuskar kowa ka wanke ta ita kaɗai a shafi guda, yadda za ta riƙe kusa da ido. Mai gyara ya yi gaskiya cewa giga takwas ya yi kaɗan ga irin aikinka, in ka samu dama daga baya a ƙara. Inda ya kauce shi ne lokaci, da maganar wanke kwamfutar, wadda babu abin da ya kawo ta.

Maigidanka Kar-Ka-Motsa, Allah Ya saka masa, dokarsa daidai ce har gobe. Amma asali ɗaya yake ajiyewa a kabad, ba ya tara talatin da huɗu a kan tebur. Ajiye abin da sikana ta ɗauka a wuri biyu, ka cika doka. In za ka yi gyara, buɗe leya wadda babu komai a cikinta, kamar gilashi a kan hoto, ka yi zanenka a kai. Ba ta da nauyi, asalin kuma yana ƙasa ba a taɓa shi ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa ka rubuto da gaske. Ni a ganina kada ka kai mata ko ɗaya daga cikin fuskokin nan. Ba na zarginka da yin su, ƙauna ce da nadama suka sa ka. Amma kai ma ka faɗi dalilin da bakinka. Wanke hoton yadda yake, ka tausasa gefen farin wurin kada ya yi kama da rauni, ka bar gashin da kunnen da hannun da yake kan gwiwar Baba. Waɗannan na Auta ne na gaskiya. Sannan ka faɗa wa Yaya abin da ya faru, da bakinka, kana zaune a gabanta.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ta yi fushi ba. Amana ta ba ka, kuma shekara shida kana ɓoye mata, tana da haƙƙin ta ji zafi, ta yi kuka, ta zage ka kamar ranar keke. Ka zauna ka sha, kada ka kare kanka. Amma ka raba abubuwan. Yoyon rufi ba laifinka ba ne. Jan takardar kuskure ne na mutumin da ya firgita. Shirun shi ne abin neman gafara, musamman na wata biyar ɗin nan. Ka tsaya ka duba ta ɓangarenta: mace tana rasa idonta, ƙaninta ɗaya da ya rage ya daina ɗaukar kiranta, ba ta san dalili ba. Kana ganin hoto kawai take tambaya kowace safiya? Hoton yana da mutum bakwai, kuma ɗaya daga cikinsu yana da ƙafa, yana iya shiga mota. Kaɗaicin da ya dame ka a ɗakin baya, irinsa ne yake damunta a bakin taga.

Don haka kafin ka taɓa kwamfutar nan, kira ta yau. Ka ce mata kana tafe ranar Asabar, da hoto ko babu hoto, kuma ka sa Nas ta ji, don a samu mai riƙe ka da maganarka. Ka tafi da kwamfutar. Tunda fayil ɗin ya yi sauƙi, in Yaya ta huce kuma ta so, ku zauna tare, ita tana faɗa kana zanawa, ku biyun kun san zane ne. In ba ta so ba, ku bar wurin fari, ku yi hirar Auta har ku gaji. Kada ka juyo a ranar, ka yi musu kwanaki. In ka dawo kuma ka kwashe ambulan ɗin nan daga kan kujera, ka ce wa mai taya ya riƙa shigowa shan shayi, sannan ka ba 'ya'yanka labarin nan, za ka ga hirar ta wuce ya jiki.

Allah Ya jiƙan Auta da iyayenku da matarka, Ya sassauta wa Yaya, Ya kai ka lafiya idonta yana gani. In kun zauna, ka tambaye ta a wace gira tabon yake. Ita ta danne wurin da ɗankwalinta, ba sai da ido za ta faɗa maka ba.

Taka,
Mai Fili